Ƙaramin Injin Wanke Kwanuka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙara da Zaɓen Sabulu

Masu ƙaramin injin wanke kwanuka, ko wanda ake ɗorawa a kan kanta ko siririn nan mai faɗin santimita 45, koke-kokensu ba su cika wuce biyu ba: injin ya cika ƙara, ko an rasa sabulun da ya dace da shi. Sau da yawa matsalar guda ce ta ɓullo ta ƙofa biyu, domin sabulu idan ya yi yawa yana kawo kumfa, kumfa kuma tana sa famfon injin gurnani. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya sa ƙaramin inji ya fi babba ƙara? Ni da na zaci shi ne zai fi shiru.

Mutane da yawa haka suke zato, amma ƙirarsa ce ta jawo. Babban inji mai faɗin santimita 60 yawanci cikin kabad ake cusa shi, katako ta dama, katako ta hagu, kanta a sama, ga kuma shimfiɗar kwalta da soso mai kauri da masana'anta ke manna wa jikinsa don su shanye sauti. Na kan kanta bai sami wannan gatan ba. Jikinsa a fili yake ta kowane gefe, kuma abin tare sautin da aka sa masa kaɗan ne, domin duk santimitar da aka ba soso daga wurin faranti aka ƙwace ta. Ga kuma inda yake zaune: daidai kunnen wanda ke tsaye a kicin, a kan kantar da ita ma take ɗaukar girgizarsa ta ƙara mata amo. Cikinsa ma ƙanƙane ne, ruwan da farfela, wato sandar da ke juyawa tana watsa ruwa, ta fesa bai yi wata tafiya ba ya riga ya daki bango.

Desibel nawa ya kamata in nema kafin in saya?

Manyan injina masu shiru suna tsakanin desibel 40 zuwa 44 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Na kan kanta galibi daga 48 ne zuwa 55. Hira ta yau da kullum tsakanin mutum biyu tana kai wajen 60, saboda haka inji mai 49 ba zai hana ku jin juna ba, amma za ku san yana aiki.

A kula, wannan ma'auni ba ya hawa daki-daki yadda santimita ke hawa. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne yana jin sa kamar ninki biyu. Ke nan tsakanin mai 45 da mai 55 akwai rata babba, ko da yake a takarda lambobin kamar maƙwabta ne. Tarayyar Turai, tun watan Maris na 2021, tana sa ajin ƙara a jikin takardar da ake manna wa injin: A ga wanda bai kai 39 ba, B daga 39 zuwa 44, C daga 45 zuwa 50, D kuma daga 51 zuwa sama. Yawancin na kan kanta a C da D suke. Idan kicin da falo a haɗe suke, ko ɗaki ɗaya ake kwana ake girki, ni dai ba zan ba da shawarar abin da ya haura 50 ba.

Lambar nan a ɗakin gwaji aka samo ta, a kan shirin tattalin wuta da ruwa, kuma hanyar auna ta daban ce da ta manhajar waya. Kada ku ɗora waya a kan injin ku ce kamfani ya yi muku ƙarya. Amfanin manhajar shi ne ku auna kafin gyara da bayan gyara, daga wuri ɗaya, ku ga ko an samu sauƙi.

Wace ƙara ce ta aiki, wadda bai kamata ta dame ni ba?

Sau ɗaya ku zauna kusa da shi ku saurare shi daga farko har ƙarshe, zai cece ku daga kiran mai gyara a banza. Da an danna maɓalli, abin da ake fara ji shi ne ƙugin famfon zubar da ruwa na ɗan lokaci, ko da babu ruwa a ciki, domin injin yana tabbatar da cewa ƙasansa a bushe yake. Sai wani zuuu siriri tare da shigar ruwa, wato bawul ya buɗe. Daga nan shaa-shaa ɗin farfela ya kama, yana hawa yana sauka yayin da ruwan ke dukan faranti a nan, ƙofa a can. Bayan wankin share fage za a ji wani ƙwas guda ɗaya mai ƙarfi. Murfin aljihun sabulu ne ya buɗe, ƙwayar sabulun ta faɗa. Wannan ƙwas ɗin yana tsorata sababbin masu inji, alhali rashin jin sa ne abin damuwa. Duk lokacin da za a canja ruwa, famfon zubarwa zai dawo, ya ƙare da ɓulɓul da ƙarar zuƙar iska sa'ad da ruwan ya ƙare. A sirirai masu farfela biyu, wasu suna karkatar da ruwa daga ta ƙasa zuwa ta sama, sai a ji sautin ya sauya ko ya ɗan yi shiru na daƙiƙoƙi. A ƙarshe akwai ɗigar ruwa, da ɗan tas-tas na ƙarfe yana hucewa, wasu kuma suna da fanka ta busarwa. Duk wannan lafiya ce.

Ina jin ƙwanƙwasa a kai a kai, ƙwas, ƙwas, ba ta sauya taki. Mene ne?

Farfela ce take dukan wani abu a kowane zagaye. Mariƙin ludayi ne ya zuro ta ƙasan kwando, ko wutsiyar cokali ta leƙo ta ramin kwandon cokula, ko faranti ya fi ƙarfin injin. A buɗe ƙofa a hankali, a bari tururi ya fita, a juya farfelar da yatsa a ga inda take tsayawa. Ya kamata wannan juyawar ta zama ɗabi'a kafin kowane wanki, ba ta cin daƙiƙa biyar. Idan kuwa kacau-kacau ne marar tsari, tambulan ne ke gugar juna, ko murfin roba mai sauƙi ruwa ya kife shi yana yawo da shi.

Yana wata ƙara kamar niƙa, musamman lokacin da yake zubar da ruwa.

Wani abu mai tauri ya tsallake rariya ya isa ga famfon zubarwa: ɓarɓashin gilashi, ƙwallon 'ya'yan itace, guntun ƙashi, tsinken sakace, ko takardar da ake manna wa kwalba. Kada a bar shi da sunan zai niƙe da kansa. Haƙoran farfelar famfon na roba ne, su ne za su fara karyewa.

A fara cire filogi daga soket. A fitar da kwando, a murɗa rariyar da ke tsakiyar ƙasan injin ta hagu a ɗago ta, sannan a ɗauke shimfiɗaɗɗiyar rariyar ƙarfen da ke kewaye da ita. Za a ga wani rami da ɗan ruwa kwance a ciki, wannan ruwan ba laifi ba ne, amma a tsane shi da soso don a ga ƙasa. A haska fitila. A injina da yawa akwai ɗan murfin roba a gefen ramin, ana ɗaga shi da bayan cokali, a bayansa ƙaramar farfelar famfon take. Kada a zura yatsa tsirara, domin gilashi a cikin ruwa ba ya ganuwa. A sa safar hannu, ko a yi amfani da hantsaki. Idan an cire abin, a juya farfelar. Za a ji tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle, wannan maganaɗisun moton ne, ba lalacewa ba. A mayar da murfin har sai ya ce ƙyas, in ba haka ba famfon ba zai ja ruwa ba. A wasu ƙananan injinan ba a isa ga famfon ta ciki, sai an buɗe ƙasa, wannan kuma aikin mai gyara ne, balle idan garanti bai ƙare ba.

Ƙugin injin yana hawa yana sauka, kamar mai shaƙewa, kuma kwanukan ba sa fita. Moto ne ya mutu?

Kafin a zargi moto, a buɗe ƙofa ana tsakiyar wanki a duba ƙasa. Idan an ga farar kumfa ta lulluɓe rariya, an kama ɓarawon.

Famfon da ke tura ruwa zuwa farfela an ƙera shi ne don ya ja ruwa zalla. Kumfa kuwa iska ce sanye da rigar ruwa. Idan ta shiga famfon, sai ya yi ta juyawa ba abin da ya kama, ƙarfin feshin ya faɗi, sautin ya yi sama. Ruwa ya ɗan taru, ya kama, sautin ya sauko. Haka zai yi ta yi har wankin ya ƙare. Irin ƙarar da mai shan lemo da tsinken roba yake yi ke nan idan ya iso gindin kwalba. A ƙaramin inji abin ya fi saurin faruwa, saboda ruwan da ke ciki kaɗan ne tun asali, ba shi da rarar da zai yi hasara.

Daga ina kumfar take zuwa? Na farko, sabulu fiye da kima. Na biyu, wanda mutane ba sa kawowa a rai, ragowar sabulun hannu: an ɗan cuɗa tukunya da soso mai sabulu kafin a sa ta, ko an jiƙa kwano a ruwan kumfa ba a ɗauraye ba. Ɗigo kaɗan ya isa. Na uku, ruwan ɗauraya, wato sinadarin da ke taimaka wa kaya bushewa, da ya zube a jikin ƙofa lokacin da ake cika aljihunsa, ko murfinsa ba ya rufuwa da kyau yana yoyo. Na huɗu, ragowar ƙwai da madara da yawa, domin furotin yana kumfa idan ruwa ya yi ta dukan sa.

Idan babu kumfa amma ƙarar iri ɗaya ce, to ruwa ne bai isa ba. Ko famfon bango ba a buɗe shi duka ba, ko tiyon shigar ruwa ya lanƙwashe a bayan injin, ko 'yar ragar da ke bakin tiyon ta toshe da yashi, ko wani kwano ya juye ya cika da ruwa ya riƙe rabon famfo. Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa: a injin da ke aiki da 'yan litoci, kwano guda cike da ruwa ba ƙaramin giɓi ba ne. Masu tanki kuma, wato waɗanda ake zuba wa ruwa da hannu, a tabbata an zuba ruwa har sai injin ya yi ƙarar cewa ya ƙoshi. Rariyar da maiƙo ya liƙe ita ma tana hana ruwa komawa ga famfo da sauri.

Sabulun injin ya ƙare na zuba na wanke-wanken hannu, yanzu kumfa har ƙasa. Yaya zan yi?

A tsayar da shi, a cire filogi, a goge ƙasa kada wani ya zame. A kwashe kumfar da kofi iya iyawa, a tsane ruwan ciki, a wanke aljihun sabulun. Sannan a zuba man girki kamar cokali ɗaya ko biyu a ƙasan injin, mai yana kashe kumfa. A kunna shirin ɗauraya na ruwan sanyi ba tare da komai a ciki ba, a maimaita har sai an daina ganin kumfa. Sabulun hannu da gangan ake yin sa mai kumfa, na inji kuwa da gangan ake hana shi. Garin wankin tufafi ma bai dace ba. Ranar da sabulu ya ƙare, gara a wanke da hannu.

Gari, ƙwaya, ko na ruwa: wanne ya fi dacewa da ƙaramin inji?

A ganina gari, kuma dalilin awo ne. Ƙwayoyin da ake sayarwa an auna su ne don babban inji mai ɗaukar kayan cin mutum 12 zuwa 14, wanda ke shan lita 9 zuwa 11 a wanki guda. Na kan kanta kayan mutum shida yake ɗauka da lita shida zuwa bakwai, masu tanki kuma wajen lita biyar. Ƙwaya guda a irin wannan inji ta yi yawa a mafi yawan lokuta. Sakamakon shi ne kumfa, santsi a jikin kofi, ƙamshin sabulu a robobi, da gilashin da ke dushewa a hankali. Da gari, mutum zai zuba daidai dattin ranar: cokalin cin abinci guda idan kayan sun yi maiƙo, ƙasa da haka idan kofuna ne da faranti. A fara da abin da littafin injin ya ce, sannan a riƙa ragewa har a kai inda wankin ya fara gazawa, a ɗan koma sama. Gari yana kuma narkewa nan take, abin da ke da muhimmanci a gajeren shiri. Aibinsa shi ne yana shan danshi ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu, saboda haka a ajiye shi a rufaffen mazubi, nesa da ƙarƙashin wurin wanke-wanke idan wurin yana da laima.

A cikin gari da ƙwaya masu kyau akwai abubuwa huɗu da ke aikin. Akwai sinadarin soda mai narkar da maiƙo. Akwai enzayim iri biyu, ɗaya yana cin furotin, ɗaya yana cin sitaci. Akwai bilic mai sakin iskar oksijin, shi ne ke cire tabon shayi da kofi. Sai sinadaran da ke kama kalsiyam ɗin ruwa don kada ya hana sauran aiki. Na ruwa mai kauri a nan yake da rauni: bilic da enzayim ba sa zama lafiya a cikin ruwa ɗaya, bilic ɗin yana kashe enzayim, don haka galibi ɗaya ake sa masa a bar ɗaya. Shi ya sa mai amfani da shi yakan ga ko tabon shayi ya ƙi fita, ko sitaci ya manne. Yana da amfaninsa a gajeren wanki na kayan da ba su yi datti sosai ba.

Ƙwaya ba ta da laifi a kanta. Ga siririn inji mai santimita 45, wanda ke ɗaukar kayan mutum tara ko goma, idan an cika shi kuma an zaɓi dogon shiri, ƙwaya guda daidai take. Akwai kuma kamfanonin da ke yin ƙananan ƙwayoyi musamman don ƙananan injina.

Zan iya raba ƙwayar biyu?

Idan dunƙulalliyar gari ce mai tauri, e, a yanka ta da wuƙa a kan busasshen katako, a yanka ta yadda kowane rabi zai sami kowane launi, tunda launukan sinadarai ne daban-daban. Ragowar rabin a rufe shi kada ya sha iska. Idan kuwa irin mai laushi ce da ruwa a cikin leda mai narkewa, ba a yanka ta, ba a kuma ɓare ledar. Ruwan ciki yana da kaifi, yana iya fantsama a ido. A ɗauke ta da busasshen hannu. Dukkansu a ɓoye su inda yaro ba zai kai ba, musamman masu launin nan da ke kama da alewa. Yaro idan ya haɗiya ko ya ciza, kada a sa shi amai, a wanke masa baki a garzaya asibiti da kwalin a hannu.

Na buɗe bayan an gama na tarar da ƙwayar a maƙale, rabi a narke.

Abu uku ke kawo haka. Ko aljihun a jiƙe yake lokacin da aka sa ta, ta manne. Ko wani faranti ko mariƙin kasko ya tokare murfin ya hana shi buɗewa sosai, kuma a ƙaramin inji kwando dab da ƙofa yake. Ko shirin ya yi gajarta, domin wankin minti 30 da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba ya ba ƙwaya lokacin narkewa. Wasu suna jefa ta ƙasan injin kai tsaye don kauce wa wannan. Hakan yana yi ne kawai a shirin da ba shi da wankin share fage, in ba haka ba rabinta zai bi ruwan farko ya tafi.

Kwalin ya ce ƙwayar ta haɗa komai. Har yanzu sai na sa gishiri da ruwan ɗauraya?

Ya danganta da ruwan gidanku. Ruwa mai zartsi, wato mai yawan kalsiyam da magnesiyam, wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, shi ne babban abokin gabar injin. Ana auna shi da ma'aunin Jamus: ƙasa da 8.4 ruwa ne mai laushi, daga nan zuwa 14 matsakaici, sama da 14 mai zartsi. Masu yin ƙwayoyin da suka haɗa komai yawanci suna cewa sun isa har zuwa 21. Sama da haka gishiri dole ne. Ana samun 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta nuna matsayinsa, wasu injinan ma da ita suke zuwa.

Gishirin ba ya taɓa kwanuka. Yana zuwa ne ga wani ɗan tanki mai ƙwayoyin roba da ke kama kalsiyam daga ruwan da ke shigowa, idan sun cika sai ruwan gishiri ya wanke su su koma aiki. Don haka gishirin inji ake sawa, mai manyan ƙwayoyi, tsantsa. Na girki yana da abin hana dunƙulewa da ake haɗa masa, yana iya toshe tankin. A zuba shi dab da za a kunna wanki, saboda wanda ya zube ya tafi da ruwa kafin ya ci ƙarfe. Ba kowane ƙaramin inji ke da wannan tankin ba. Idan ba ku ga wani babban murfi mai murɗawa a ƙasan naku ba, to babu, kuma idan ruwanku mai zartsi ne, nauyin ya koma kan sabulu da wankin ɓawo lokaci-lokaci da garin sitirik (sinadarin tsamin lemon tsami) ko maganin da aka yi don haka.

A da, sinadarin fosfet ne ke ɗauke wannan nauyi a cikin sabulu, kuma yana yi da kyau. An cire shi saboda yana sa gansakuka ta mamaye tafkuna da koguna ta shanye iskar da kifi ke buƙata. A Amurka jihohi da dama sun hana shi a 2010, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita shi ƙwarai daga Janairun 2017. Abubuwan da suka maye gurbinsa suna aiki, amma sun fi son a taimaka musu da gishiri.

Ruwan ɗauraya kuwa, ina ganin ƙaramin inji ya fi babba buƙatarsa, tunda yawancinsu da zafin ɗaurayar ƙarshe kaɗai suke busar da kaya. Yana sa ruwa ya zame daga jikin faranti maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. A saita shi a lamba ta ƙasa. Idan an ga shuɗi-shuɗi ko zane a jikin gilashi, ya yi yawa. Kada a maye gurbinsa da ruwan khal a kullum, tsaminsa yana iya gajiyar da robobin ciki, kuma ko kusa kada ya haɗu da sabulu mai bilic na kulorin.

Tambulan suna fitowa da farin hazo. Sabulun ne bai isa ba?

Gwaji ɗaya zai raba gardama. A jiƙa tsumma da ruwan khal a goga. Idan hazon ya tafi, ɓawon kalsiyam ne: a sa gishiri, a ɗaga saitin tankin, ko a ɗan ƙara sabulu. Idan bai tafi ba, gilashin ne ya ciwu, kuma ba ya dawowa. Wannan yana faruwa idan ruwa mai laushi ya haɗu da sabulu mai yawa da zafi mai tsanani. Kuskuren da ake yi shi ne a ga hazo a ƙara sabulu ba tare da gwaji ba, sai a ƙarasa sauran tambulan ɗin. Ɗauraye kaya tas kafin a sa su ma yana ƙara matsalar, domin sabulun bai sami dattin da zai yi aiki a kai ba. A kankare ragowar abinci cikin shara kawai a jera.

Kantar gaba ɗaya tana rawa, har cokulan cikin durowa suna amsawa.

Wannan ya fi kowanne sauƙin magani. A danna kusurwoyin injin ɗaya bayan ɗaya, idan ya yi rinjaye to ƙafa ɗaya ba ta taka ba, a daidaita ta. A shimfiɗa masa tabarmar roba mai kauri a ƙasa. A janye shi kaɗan daga bango da jikin firiji ko kabad, ko da faɗin yatsu biyu ne. A duba tiyo biyun da ke baya, domin idan suna taɓa katako suna kai masa girgizar famfo, tiyon zubarwa kuma a ɗaure bakinsa kada ya riƙa dukan kwamin wanke-wanke. Kada a ɗora tukwane a kansa. Abin da ba na so shi ne a lulluɓe inji da bargo ko a toshe ramukan iskarsa don neman shiru, zafi da danshi za su taru inda wayoyin wuta suke.

Da ya gama ɗibar ruwa sai in ji dum a cikin bango.

Daga bututun gida ne. Bawul ɗin injin yana rufewa farat ɗaya, ruwan da ke gudu ya rasa inda zai je ya daki bututu. A ɗan rage buɗin famfon bango, ba sosai ba kada ruwa ya gaza. Idan bai daina ba, mai aikin famfo zai ɗaure bututun da ya saki ko ya sa ɗan abin da ke shanye bugun.

Famfon zubarwa ya ƙi tsayawa, ko na kashe na kunna sai ya ci gaba da ƙugi.

Ruwa ya sauka cikin tiren da ke ƙarƙashin injin, ya ɗaga wani ɗan abu mai iyo, injin ya ɗauka yoyo ake yi, ya rufe shigar ruwa ya saki famfo. A injinan kamfanin Bosch lambar matsala E15 ke bayyana. Yoyo na gaske yana kawo haka, amma kumfar da ta yi ambaliya ma tana kawowa. A cire filogi, a rufe famfon bango, a bar tiren ya bushe. Idan an san an yi ɓarin kumfa kwanan nan, wataƙila shi ke nan. Idan ya dawo ba tare da kumfa ba, akwai inda ke zuba, a nemi mai gyara.

Shirin dare yana rage ƙara da gaske?

Yana ragewa da 'yan desibel, ta hanyar sassauta ƙarfin feshi da tsawaita lokaci. Famfon zubarwa dai ƙararsa tana nan yadda take. Dogon shiri a digiri 50 ya dace da sabulu mai enzayim, domin enzayim lokaci yake so da ɗumi, zafi mai yawa yana kashe shi. Shi ya sa shirin tattali mai awa uku yakan fi na minti 30 fitar da kaya, da ƙarancin wuta kuma.

Yaushe zan haƙura in kira mai gyara?

Idan an wanke rariya, an tabbatar babu kumfa, ruwa ya isa, farfela na juyawa, amma akwai fito mai kaifi ko gurnanin ƙarfe da ke ɗaukar duk tsawon wankin kuma yana ƙaruwa mako bayan mako, boris ɗin moton ne ya cinye, galibi saboda ruwa ya ratsa robar da ke kare shi. Haka idan moto yana ƙugi amma farfela ba ta motsi. Ƙaurin wuta, tartsatsi, ko injin yana faɗar da wutar gida, a cire filogi nan take, kada a sake gwadawa.

Kafin ya zo, a ɗauki sautin a waya, a rubuta minti nawa da fara wanki ƙarar ke soma, da shirin da aka zaɓa, da irin sabulun da yawan da ake zubawa, da lambar samfurin da ke manne a gefen ƙofa. A wasu sababbin injina moto da abin dafa ruwa a haɗe suke, tare ake canja su, don haka a nemi ya faɗi kuɗin kayan da na aiki tukuna, a kwatanta da na sabon inji kafin a ce ya kwance.